Zuwa da Kai Ya Fi Saƙo? Layin Saƙonni Tsakanin Na'urori da Darasin Ƙasar Yawuri



Gabatarwa

Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi saƙo, kuma duk wanda ya taɓa ba da sallahu ya san dalilin wannan magana. Ɗan aike yakan manta, yakan yi jinkiri, yakan ƙara gishiri, wani lokaci ma yakan tarar da ƙofa a rufe ya juyo bai gaya wa kowa ba. Amma duk da haka babu sarautar da ta taɓa tsayuwa, ko fataucin da ya taɓa bunƙasa, ba tare da saƙo ba, domin mutum ɗaya ba ya iya kasancewa a Yelwa da Wara da Shanga a sa'a guda. Ashe abin da karin maganar ke koya mana shi ne saƙo abu ne mai rauni, wajibi ne a yi masa tanadi.

A zamaninmu na'urori ne ke ɗauke da yawancin saƙonnin da rayuwarmu ta rataya a kansu. Idan mai sayen kifi ya sa katinsa a na'urar POS a kasuwar Yelwa, manhajar na'urar ce za ta yi magana da manhajar kamfanin da ya ba da ita, ita kuma ta yi magana da ta banki. Haka albashin ma'aikaci yake tafiya, haka sakamakon jarrabawar ɗalibi. Maƙasudin wannan lacca shi ne in bayyana wata dabara da masu rubuta manhaja ke amfani da ita don kada irin waɗannan saƙonni su salwanta. Dabarar zan kira ta layin saƙonni, manhajar da ke tsakani tana kula da layin kuwa zan kira ta dillali.

Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da wannan fage? Amsar ita ce, saƙo magana ne, kuma ɗalibi ya fi saurin kama ilmi idan an soma masa da abin da ya sani, cikin harshen da yake tunani da shi. Zan yi ƙoƙari in nuna cewa harshenmu da tarihinmu sun riga sun tanadi rabin darasin.

Saƙon da Ya Maƙale a Yawuri

A farkon shekarar 1806 Mungo Park ya iso Yawuri cikin jirginsa, yana bin kogin Kwara don ya gano inda ya ƙare. A nan tafintansa, Amadi Fatuma, ya sauka, saboda nan yarjejeniyarsu ta tsaya. Bisa ga labarin da shi Amadi ya bayar a shekarar 1810, Park bai kai gaisuwar sarki da hannunsa ba, sai ya damƙa ta ga wani basarake na bakin ruwa. Basaraken ya tambaya ko Baturen zai sake biyowa ta nan, aka ce masa a'a. Da jirgi ya wuce sai ya riƙe kayan, aka kai wa sarki labari cewa baƙi sun wuce ba gaisuwa. Aka ɗaure Amadi, aka tura mayaƙa suka tare jirgin a duwatsun Busa, inda Park ya halaka. A shekarar 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo Yawuri neman takardunsa, suka koma hannu rabbana.

Akwai riwayoyin da suka saɓa wa ta Amadi, kuma tace su aikin masana tarihi ne, irin su Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya yi bincike a kan Yawuri ta ƙarni na 19. Abin da ya shafe mu a nan shi ne ƙirar labarin, domin a cikinsa akwai kurakurai uku. Na farko, mai aikawa ya tafi bai jira wata shaida ba cewa saƙonsa ya isa. Na biyu, wanda ke tsakani bai rubuta abin da ya karɓa a inda wani zai iya dubawa ba. Na uku, mai karɓa ba shi da hanyar bambance saƙon da ba a aiko ba da saƙon da ya ɓace a hanya. Duk wanda zai koyi rubuta manhajar da ke magana da wata manhaja, waɗannan abubuwa uku su ne zai yi ta fama da su har ya bar aiki.

Hanyoyi Biyu na Magana Tsakanin Manhajoji

Hanya ta farko ita ce kira kai tsaye. Manhaja ta ɗaya ta kira ta biyu, ta faɗi buƙatarta, ta tsaya tana jiran amsa, kamar yadda ake yi a wayar tarho. Wannan hanya tana da sauƙin rubutawa, kuma ita ake fara koya wa ɗalibi. Aibinta shi ne sai duka biyun suna farke a lokaci guda, kuma hanyar da ke tsakaninsu tana buɗe. Idan wuta ta ɗauke a can, ko sabis ya yanke a nan, aikin ya tsaya ke nan. Wanda ya zauna a ƙauyukan bakin tafki, ko a tsibiran Gungawa, ba ya bukatar a yi masa bayanin yankewar sabis.

Hanya ta biyu ita ce a sa dillali a tsakani. Mai aikawa ya rubuta saƙonsa ya miƙa wa dillali, dillali ya jera shi a layi, mai aikawa ya koma ga aikinsa. Duk sa'ad da mai karɓa ya shirya, sai ya zo ya ɗauka, na farkon shiga shi ne na farkon fita. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Fataken da ke ratsa Yawuri zuwa Gwanja sayen goro sun san fatoma, watau mai masaukin da ke karɓar kayan baƙo ya adana, ya nemo mai saye, ya tsaya shaida a kan ciniki. Mai kaya da mai saye ba dole ne su haɗu ba, amanar fatoma ce ke haɗa su. Haka kuma gajeren saƙon waya yake aiki: idan wayar wanda aka aika wa a kashe take, cibiyar kamfanin ce ke riƙe saƙon har a kunna.

Dillali yana iya rarraba saƙo ta fuska biyu. Akwai saƙon hannu da hannu, wanda mai karɓa ɗaya kaɗai zai ɗauka, ko da kuwa masu jiran aiki sun kai goma. Umarnin biyan kuɗi irin wannan ne, domin ba a so akawu biyu su biya baucan ɗaya. Akwai kuma saƙon shela, irin na sanƙira, wanda duk wanda ya rubuta sunansa a kan wannan batu zai sami kwafinsa. Labarin ƙaruwar ruwa irin wannan ne, domin manomi da masunci da mai jirgi da hukuma duk suna bukatarsa.

Tafkin Kainji a Matsayin Misali

Amfanin layi bai tsaya ga jiran wanda ba ya nan ba. Babban amfaninsa shi ne daidaita gudu, kuma babu misalin da ya fi wanda ke ƙofar gidanmu. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, daga baya injunanta suka kai 8 masu ƙarfin megawat 760. Ruwan da ta tare ya yi tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, wanda ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da dama, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni.

Ruwa kuwa ba ya shigowa tafkin da gudu ɗaya. Akwai farin ruwa, wanda damina ke kawowa daga rafuka na kusa, kamar Gulbin Sakkwato, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda asalinsa ruwan saman da aka yi ne a tsaunukan Gini, ya bazu a fadamun ƙasar Mali ya yi watanni, laka ta kwanta, sa'an nan ya iso mana cikin sanyi, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu. Injunan wuta ba su san damina ko rani ba, suna son ruwa daidai wa daida kullum. Aikin tafki shi ne ya karɓa da gudun kogi, ya saki da gudun inji. Haka layin saƙonni yake: ran kasuwa, ko ƙarshen wata, saƙonni su yi ambaliya, layi ya riƙe su, mai karɓa ya riƙa ɗiba gwargwadon ƙarfinsa.

Sai dai misalin yana ɗauke da gargaɗi. Tafki yana da iyaka, idan ya cika dole a buɗe ƙofofi, kuma na ƙasa da madatsa su ke ji a jikinsu. Layi ma yana da iyaka, kuma wajibi ne mai rubuta manhaja ya yanke shawara tun farko a kan abin da za a yi ran da ya cika: a dakatar da masu aikawa, ko a zubar da tsofaffin saƙonni, ko a ƙara masu karɓa.

Taƙaitaccen Tarihi

Lissafin layi ya girmi kwamfuta. A. K. Erlang, wani masanin lissafi a kamfanin tarho na Kofanhegan a ƙasar Denmak, shi ya aza harsashinsa a 1909, yana neman sanin yawan wayoyin da za su wadaci masu kira. Dillali a matsayin hajar sayarwa kuwa ya yi ƙarfi ne a bankuna da manyan kamfanoni bayan IBM ya fito da MQSeries a 1993. A 1999 Andy Stanford-Clark da Arlen Nipper suka tsara ƙa'idar MQTT don na'urorin da ke gadin bututun mai a daji, masu magana ta tauraron ɗan Adam, inda hanya ke da tsada kuma take yawan yankewa. Ku lura, yanayin da aka ƙirƙire ta dominsa ya yi kama da namu ƙwarai. A 2003 John O'Hara na bankin JPMorgan ya soma aikin ƙa'idar AMQP, don kada banki ya zama bawan kamfani ɗaya. A kanta aka gina RabbitMQ a 2007, aka rubuta shi da harshen kwamfuta mai suna Erlang. A 2011 kamfanin LinkedIn ya saki Kafka kyauta ga kowa. Sunaye suna da yawa, amma ƙa'idojin da ke ƙarƙashinsu kaɗan ne, kuma su ne zan juya gare su yanzu.

Ƙa'idoji Shida

Ta farko ita ce shaidar karɓa. Kowane ma'aikaci a nan ya san littafin da masinja ke yawo da shi, wanda ake sa hannu a ciki idan ya kawo takarda. Dillali ba ya goge saƙo daga layi sai mai karɓa ya sa masa hannu. Tambayar da ke raba gwani da ɗan koyo ita ce, yaushe za a sa hannun? Idan manhaja ta sa hannu da zarar saƙo ya shigo, sa'an nan wuta ta ɗauke kafin ta yi aikin, saƙon ya tafi ke nan. Daidai shi ne ta gama aikin tukuna, sa'an nan ta sa hannu. Haka nan mai aikawa ya jira sa hannun dillali kafin ya ɗauka ya sauke nauyi.

Ta biyu ita ce rubutawa. Saƙon da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura kawai kamar sallahun baka ne, in na'urar ta mutu ya mutu tare da ita. A RabbitMQ, alal misali, sai an ayyana layin kansa a matsayin mai ɗorewa, an kuma yi wa kowane saƙo alamar a rubuta shi a faifai. Wanda ya yi ɗaya ya bar ɗaya bai yi kome ba. Rubutawa tana rage gudu, amma sannu ba ta hana zuwa.

Ta uku ita ce maimaici, kuma ita ce mafi wuyar fahimta. Mu ɗauka mutum biyu ne, ɗaya a gabashin tafki ɗaya a yamma, suna so su tashi da jiragensu a lokaci guda, kuma ba su da hanyar magana sai ɗan kwalekwale wanda iska ke iya kifarwa. Na gabas ya aika, ya ce gobe da asuba. Ba zai tashi ba sai ya ga amsa. Na yamma ya mayar da amsa, amma shi ma bai san ko ta isa ba, sai ya jira amsar amsa. Haka za su yi ta yi ba iyaka. Masana sun tabbatar tun 1975 cewa wannan matsala ba ta da magani muddin hanya tana iya cin saƙo. Ma'anar wannan ita ce, idan mai aikawa ya ji shiru, bai san ko saƙonsa ne ya ɓace ko amsar ce ta ɓace ba. In ya haƙura, wataƙila saƙo bai je ba. In ya sake aikawa, wataƙila ya je sau biyu. Don haka ne MQTT ta ba mai rubuta manhaja zaɓi uku: a aika sau ɗaya a manta, ko a yi ta aikawa har a sami shaida ko da za a maimaita, ko a yi musayar saƙo huɗu don a kai shi sau ɗaya tak tsakanin na'ura da dillali. Yawancin aikin gaske a kan zaɓi na biyu yake tafiya, sa'an nan a koya wa mai karɓa gane maimaici. Dabarar kuwa tsohuwa ce a baitulmali: kowace baucan tana da lamba, wadda aka biya a buga mata hatimi. Kowane saƙo a ba shi lambar da babu mai irinta, mai karɓa ya riƙe rajistar lambobin da ya gama da su, in ya sake ganin lamba sai ya sa hannu ya wuce, kada ya sake biya.

A nan ne wannan ilmi ya taɓa aljihun talaka. A farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, jama'a suka koma ga tura kuɗi ta waya da POS, kuma kalmar "an cire amma bai shiga ba" ta zama ruwan dare. Mai kifi ya riƙe kifinsa, mai saye yana nuna masa waya, kowa yana da gaskiya. Abin da yakan faru a irin wannan hali shi ne sashe ɗaya ya yi aikinsa, labarin bai kai ga ɗaya sashen a kan kari ba. Tun a 2020 Babban Bankin Nijeriya ya sa wa bankuna wa'adin mayar da irin wannan kuɗi, amma wa'adin doka ba ya ciyar da iyali a daren da abin ya faru. Rigakafin yana hannun wanda ya rubuta manhajar.

Ta huɗu ita ce jeri. Layi ɗaya da mai karɓa ɗaya yakan kiyaye jeri, amma da zarar an ƙara masu karɓa, ko an sake aiko wanda ya faɗi, sai na baya ya riga na gaba. Idan "a soke" ya riga "a biya" isa, an shiga uku. Maganinsa shi ne kowane saƙo ya ɗauki lokacin da aka rubuta shi da lambar jerinsa, kuma saƙonnin da suka shafi abu ɗaya su bi hanya ɗaya.

Ta biyar ita ce wa'adi. Ba kowane saƙo ne ke jure tsufa ba. Ma'aunin ruwa na jiya da safe yana da amfani ga mai rubuta tarihin kogi, amma ba shi da amfani ga wanda zai kwashe shinkafarsa daga fadama yau da dare. Ana iya sa wa saƙo wa'adi, in ya wuce dillali ya cire shi daga layi, ana kuma iya sa mai gaggawa ya tsallake na gabansa. Amma saƙon kuɗi ba a barinsa ya mutu a ɓoye.

Ta shida ita ce makomar saƙon da ya gagara. Wani saƙon yakan zo a gurguje, mai karɓa ya kasa karanta shi, ya mayar, dillali ya sake miƙo masa, haka har ya toshe hanya ga kowa. Gidan waya na Amurka ya buɗe ofishi na musamman tun 1825 don wasiƙun da aka rasa masu su, kuma daga nan masu manhaja suka ari sunan abin. Mu sai mu ce akwatin marayun saƙonni: bayan gwaji kaza, a ware saƙon a can, layi ya ci gaba. Amma tilas a sa mutum mai suna da muƙami ya riƙa buɗe akwatin, in ba haka ba an mayar da shi kabari.

Ɗan Lissafi

A 1961 John Little ya tabbatar da wata ƙa'ida mai sauƙi: a layin da shiga da fita suka daidaita, yawan abin da ke jira daidai yake da yawan abin da ke shigowa a lokaci guda, sau tsawon jiran kowane. Mu ɗauka ofishi ne da fayil 20 ke shiga kullum, kuma ko yaushe aka duba akwai kimanin 200 a kan tebur. Ba sai an tambayi kowa ba, kowane fayil yana kwana 10.

Mu sake ɗaukar wani misali. A ce an kafa ma'aunan ruwa 30 daga Jidere Bode zuwa madatsa, kowane yana aiko da saƙo bayan minti 15. Saƙo 120 ke nan a sa'a. A ce hanya ta yanke sa'a 10, an tara 1,200. A ce mai karɓa yana iya sarrafa 300 a sa'a. Ɗalibi mai gaggawa zai ce sa'a 4 ta isa a share layin. Ya manta cewa sababbi ba su daina shigowa ba. Rarar ƙarfin 180 ce kawai a sa'a, don haka sai an yi sa'a 6 da minti 40. Da a ce ƙarfin mai karɓa 120 ne daidai, da layin ba zai taɓa komawa yadda yake ba har abada. Darasin shi ne, tsarin da ke aiki a iyakar ƙarfinsa kullum ba ya farfaɗowa daga tsaiko. Wanda ya tuna ambaliyar 2020, da irin ɓarnar da ta yi wa gonakin shinkafa a Jihar Kabi, ya san abin da sa'a biyu da minti arba'in ke nufi.

Gudummawar Harshe

Yanzu bari in komo fagena. Tun 1960 F. W. Parsons ya nuna yadda aikatau na Hausa ke sauya wasalin ƙarshe ya sauya ma'ana. Muna cewa aika, muna cewa aiko, wasali ɗaya ya nuna inda saƙo ya dosa. Muna da karɓa, da karɓo, da karɓe, da karɓu. Muna bambanta kai da isar da. Harshen da ke da irin wannan kaifi ba zai gaza bayyana tafiyar saƙo ba. Ina ba da shawara a koya wa ɗalibi matakai huɗu da sunayensu: an aika, ya isa, an karɓa, an aikata. Yawancin rigimar da ake yi a bakin na'urar POS, ko a gaban akawun albashi, daga rikita waɗannan huɗun take tasowa, domin manhaja takan rubuta "an gama" alhali a mataki na farko take. Manhajar kirki ita ce wadda ke gaya wa mai amfani da ita matakin da ake ciki, ba ƙari ba ragi.

Wannan aiki na raɗa wa ilmi suna ba yau aka fara shi ba. Littafin Ikon Allah na R. M. East da Abubakar Imam ya bayyana kimiyyar halitta da Hausa tun 1949, kuma a 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya. Hanyar da suka bi ita ce za mu bi: inda muke da kalma mu yi amfani da ita, inda babu mu ara mu hausantar. Layi aro ne daga Turanci, dillali daga Larabci, amma yau wa zai ce ba Hausa ba ne?

Yadda Ɗalibi Zai Soma

Abin da ake bukata kaɗan ne: kwamfuta ɗaya, da harshen Python, da dillali ɗaya daga cikin na kyauta, ko Mosquitto ko RabbitMQ. In an sauke su sau ɗaya, ana iya yin dukkan gwajin ba tare da intanet ba. Ɗalibi ya rubuta ƙananan manhajoji biyu, ɗaya tana aika lambobi daga 1 zuwa 100, ɗaya tana karɓa tana rubutawa. Wannan aikin yini ɗaya ne. Koyon gaske yana farawa ne ran da ya soma ɓata abin da ya gina da gangan. Ya kashe mai karɓa, ya aika, ya kunna, ya ƙirga. Ya kashe dillalin kansa a tsakiyar aiki, ya ƙirga. Ya kashe mai karɓa bayan ya ɗauki saƙo kafin ya sa hannu, ya duba lambar da ta fito sau biyu. Ya kunna masu karɓa uku ya dubi jeri. Ya aika shirme ya ga ko layi zai toshe. Kowane gwaji a cikin waɗannan yana daidai da ƙa'ida ɗaya daga cikin waɗanda na ambata, kuma gani ya kori ji.

Ya kamata kuma ɗalibi ya san inda layi bai dace ba. Wanda ke son ya ga abin da ya rage a asusunsa yanzu yake son amsa, kira kai tsaye ya fi masa. Dillali kansa na'ura ce, yana bukatar wuta da mai kula, kuma in ya faɗi shi kaɗai ne, kowa ya faɗi tare da shi, shi ya sa manyan ma'aikatu ke ajiye fiye da ɗaya.

Kammalawa

Ga ma'aikatan gwamnati, ba na cewa kowa ya koma rubuta manhaja. Amma ku ne ke sa hannu a kan takardun kwangila, kuma ku jama'a za su tsare ran da abu ya lalace. Don haka duk wanda ya kawo muku tsarin biyan albashi, ko na tara haraji, ko na rajistar asibiti, ku yi masa tambayoyi biyar. In sabis ya yanke yini guda, ina saƙonnin suke zama? In wuta ta ɗauke, suna nan ko sun tafi? In saƙo ya zo sau biyu, za a biya sau biyu? Wanda ya gagara, wa ke ganinsa, kuma cikin kwana nawa? In mutum ya ce ya aiko, ina rajistar da za ta gaskata shi ko ta ƙaryata shi? Ɗan kwangilar da ya yi ta kame-kame a kan waɗannan, bai gwada kayansa a irin ƙasarmu ba.

Ga ɗalibai kuwa, musamman 'ya'yan Yawuri da Ngaski da Shanga, kun tashi a inda hanya ke yankewa, kun san jiran jirgi, kun san sallahu, kun san abin da ke biyo baya idan amana ta maƙale a hannun na tsakani. Wanda ya tashi a inda wuta ba ta ɗaukewa sai an koya masa tsoron yankewa a aji, ku kuwa da shi kuka girma. Ku ɗora ilmin a kan wannan sani, ku rubuta manhajar da za ta yi wa masunci da manomi da ɗan fansho aiki a ranar da kome ya ƙi.